Daga Gulbin Maradi zuwa ajin masta: jagorar neman bursun karatun SIG da ilimin muhalli

Duk wanda ya bi hanyar Maradi zuwa Agiye da Tasawa da rani ya ga gawo tsaye cikin gonaki da koren ganyensa, alhali komi ya bushe. Bayan farin 1973 da na 1984 yawancin gonakin nan fili ne fetal, iska na kwasar ƙasa tana binne shuka. Manomanmu ne suka dawo da itacen da hannunsu, ta hanyar sassaben zamani: a bar tohon kututture, a zaɓi mai ƙarfi, a sassabe saura. Aikin ya kankama a nan Maradi tun 1983, lokacin da Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostireliya, yake aiki da mutanen karkara. Amma duniya ba ta san girman abin ba sai da Gray Tappan na hukumar USGS ta Amurka ya jera hotunan jirgin sama na 1975 kusa da hotunan tauraron ɗan'adam na bayan shekara ta 2000, shi da Chris Reij da masana ƴan ƙasa irin su Mahamane Larwanou. Daga nan aka kai ga ƙiyasin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, akasari a jihohin Maradi da Damagaram.

Abin yana yi mini daɗi, yana kuma ci mini rai. Gumin namu ne, gonakin namu ne, amma babban aikin taswirar a wata ƙasa aka yi shi. Burina taswira ta gaba ta fito daga hannun ɗan unguwar Zariya ko ƴar unguwar Ali Ɗan Sofo ta nan Maradi. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan jagora domin kai ƙanena, da ke ƙanwata. In na ce "kai", har da ke nake.

Ga wanda bai riga ya sani ba, SIG, wanda masu Turancin Ingilishi ke kira GIS, tsari ne na kwamfuta mai haɗa taswira da bayani. Kowace rijiya, kowace gona, kowane burtali yana da lambobin wurinsa. Sai a ɗora rufi bisa rufi, ga na ruwan sama, ga na irin ƙasa, ga na ƙauyuka, sannan a yi wa taswirar tambaya: ina ne ruwa zai fara ci in Gulbi ya cika? Wace garka ce ta shiga hanyar dabbobi? Ilimin muhalli shi ke kawo tambayar, SIG ke nuna inda amsar take.

Matakin farko: san matsayinka, ka san ƙofarka

Ɗalibai da yawa suna ɓata shekara guda suna ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasu ba. Fara da tambayar kanka: wace takarda ke hannuna yau?

In bak, wato takardar kammala sakandare, ka samu yanzu, hanyarka ta farko ita ce ANAB, hukumar ƙasa mai kula da bursu da alawus na ɗalibai. Ta hannunta ake bi da guraben da ƙasashe abokai irin su Maroko da Aljeriya ke ba Nijar, kuma makin bak da layin da ka yi su ne ma'auni. Mai bak C ko D da lissafi mai kyau zai iya hangen makaranta irin IAV Hassan II ta Rabat, wadda ke horar da injiniyoyin awon ƙasa da taswira. Akwai kuma Türkiye Bursları na gwamnatin Turkiyya, wanda kai da kanka kake nema ta intanet: ƙasa da shekara 21 ga mai neman lisansi, ƙasa da 30 ga masta, ƙasa da 35 ga dokta, da shekara guda ta koyon Turkanci kafin a shiga aji.

Amma ra'ayina, kuma ba na ɓoye shi: in bursun waje bai samu ba bayan bak, kada ka zauna jira. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maradi tana da tsangayar aikin gona da kimiyyar muhalli. Akwai sashen ilimin ƙasa a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ta André Salifou a Damagaram. Yi lisansinka a gida, ka yi shi da kyau. Kuɗin bursu na wannan fanni a matakin masta da dokta ya fi taruwa, kuma makin da ka tara tun zangon farko shi zai bi ka har can. Mai matsakaicin maki 14 bisa 20 yana da ƙofofin da mai 10 bai da su. Mai 12 yana cikin takara in ya haɗa da aikin hannu, kuma a kan aikin hannun nan zan fi daɗewa nan gaba.

In lisansi ke hannunka, fara duba maƙwabta kafin ka hango Turai. Cibiyar AGRHYMET ta CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari, tana Yamai tun 1974, tana horo kan yanayi, ruwa da kula da ƙasar noma. AFRIGIST, wadda da ake kira RECTAS, tana cikin harabar Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife tun 1972, aikinta ke nan taswira da hangen ƙasa daga sama, tana koyarwa da Faransanci da Ingilishi, kuma Nijar na cikin ƙasashen da ke da kujera a cikinta. CRASTE-LF a Rabat tana yi wa ƙasashe masu Faransanci irin wannan horo. Shirin WASCAL, wanda Jamus ke ɗaukar nauyi, ya rarraba makarantunsa cikin jami'o'in Afirka ta Yamma: sauyin yanayi da makamashi a Yamai, sauyin yanayi da amfani da ƙasa a Kumasi, wasu a Minna da Akure da sauransu. Jami'ar Tarayyar Afirka tana da PAUWES a Tlemcen ta Aljeriya kan ruwa da makamashi da sauyin yanayi, da PAULESI a Ibadan kan kimiyyar rayuwa da ta ƙasa. Sai 2iE a Wagadugu ga mai son injiniyancin ruwa da muhalli.

A Turai, shirye-shiryen Erasmus Mundus ne suka fi cika aljihu: kuɗin makaranta da Yuro 1,400 a wata, wato sama da sefa 900,000 tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Uku daga cikinsu sun shafi fanninmu kai tsaye: Copernicus Master in Digital Earth da ke farawa a Salzburg, da GEM wanda tsangayar ITC ta Jami'ar Twente a Holand ke ciki, da Geospatial Technologies na Münster da Lisbon da Castellón. Ba kowace shekara ce kowane ɗayansu ke da bursu ba, sai ka shiga shafinsa ka gani. A ƙasar Sin, Jami'ar Wuhan ta yi suna a wannan ilimi, kuma ana shigarta da bursun gwamnatin Sin, ko ta ofishin jakadanci ko ta jami'ar kanta.

In kuwa ma'aikaci ne kai, a ma'aikatar muhalli, ko cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, ko wata ƙungiya mai zaman kanta, to akwai ƙofofi biyu da aka gina dominka. Bursun EPOS na hukumar DAAD ta Jamus yana son shekara biyu ta aiki bayan digiri, digirin kuma kada ya wuce shekara shida, kuma cikin jerinsa akwai masta na awon ƙasa daga hoto da SIG a Stuttgart. Na ARES ta Beljiyam da Faransanci ake yawancinsa, shi ma yana neman shekara biyu ta aiki. Mai neman dokta ya dubi RSIF: Jami'ar Bayero ta Kano, ta cibiyarta ta noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, tana cikin masu karɓar ɗalibansa. Kano ce, tuwonmu ɗaya, harshenmu ɗaya.

Abu biyu kafin mu wuce. Na ɗaya, sanarwa da yawa da ke yawo a zaurukan WhatsApp daga Katsina da Kano suke shigowa. PTDF da TETFund na ƴan Najeriya ne, bursun Commonwealth kuma na ƙasashen wannan ƙungiya ne, Nijar ba ta ciki. Na biyu, tun Yulin 2023 dangantakar ƙasarmu da wasu ta sauya: Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024, Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025. Saboda haka kada ka dogara da abin da yayanka ya gani shekara huɗu da suka wuce. Buɗe sanarwar bana, nemi jerin ƙasashen da aka yarda su nema, ka ga sunan Nijar da idonka, sannan ka bincika a wane gari ake bayar da bizar ƙasar. Minti goma ne, amma yana iya ceton wata uku.

Mataki na biyu: takardu

Nan ba dogon bayani, sai dai nan ake yawan faɗuwa. Haɗa takardar haihuwa, takardar shaidar ɗan ƙasa, sakamakon bak, takardun maki na kowane zango, difloma ko shaidar kammalawa, da fasfo. Kai kwafinsu ma'aikatar magajin gari a buga musu hatimi. Takardar kotu mai nuna ba ka da laifi wata uku take aiki, don haka ita ce ta ƙarshe da za ka karɓo. Fasfo kuwa shi ne na farko, tun ba ka ga sanarwa ba.

Yanzu shimfiɗa su duka bisa tabarma ka karanta sunanka harafi-harafi. Na taɓa zama da wani ɗalibi mai ƙwazo wanda takardar haihuwarsa ta ce Mahamane, ta bak ta ce Mahaman, fasfo ya ce Mamane. A gida duk mun san mutum ɗaya ne. Ma'aikacin da ke duba dosiye a wata ƙasa mutum uku ya gani, kuma kafin a gyara ranar rufewa ta wuce. Har yau abin yana damuna, domin taswirorinsa sun fi na da yawa daga waɗanda aka ɗauka. Haka ma ranar haihuwa ga waɗanda aka rubuta musu shekara kawai ba wata ba rana: duba abin da fasfo ya ɗauka, shi za ka rubuta ko'ina. In akwai saɓani, je kotu a ba ka takardar da ke tabbatar da cewa sunayen duka naka ne, tun kafin buƙata ta taso.

Makarantun Ingilishi za su nemi fassara daga tafinta mai rantsuwa. Ka ɗauki hoton kowace takarda tsaf, ba inuwa ba yatsa, ka mayar da ita PDF, ka adana a imel ɗinka da kuma wani wuri dabam. Kuma wajen cike fom, Niger da Nigeria maƙwabta ne a jerin ƙasashe kamar yadda suke a Ɗan Isa. Duba sau biyu.

Mataki na uku: yi taswira guda da hannunka

In ka manta da komi cikin rubutun nan, riƙe wannan. Masu zaɓe suna karanta ɗaruruwan dosiye, kowa yana cewa yana son SIG, kowa yana son yaƙi da hamada. Kaɗan ne ke cewa: ga taswirar da na yi, ga yadda na yi ta, ga inda na yi kuskure. Kai kuma kana zaune a wurin da masu bincike ke biyan kuɗin jirgi su zo su gani.

Kayan aikin kyauta ne. QGIS ba a sayensa, yana da Faransanci, kuma kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi tana ɗaukarsa. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat sun faro daga 1972, an buɗe su ga kowa a 2008, na yanzu kowane ɗigo mita 30 ne a ƙasa. Na Sentinel-2 sun fara a 2015, ɗigonsu mita 10, kuma kusan kowane kwana biyar ana samun sabo. In ba ka da kwamfuta, ku haɗu ku uku a kan guda ɗaya, kowa da aikinsa.

Ga misali daga farko har ƙarshe. Ɗauki tafkin Madarumfa, wanda ake ziyarar kaburburan waliyyai 99 a kewayensa, kuma ya shiga jerin Ramsar, na tafkuna da fadamu masu muhimmanci a duniya, a 2019. Tambayarka ɗaya ce: hekta nawa ruwan ke rufewa a ƙarshen damina, nawa yake saura a ƙarshen bazara, cikin shekara biyar da suka wuce? Yi rajista a shafin Copernicus, inda ake sauke hotunan Sentinel-2, ka zaɓi hoto ɗaya na Oktoba ko Nuwamba da ɗaya na Mayu ga kowace shekara. Guji ranar gajimare da ranar da hazon hunturu ya yi kauri. Kada ka sauke hoton gaba ɗaya, yana iya kai wa giga guda ya cinye maka kuɗin intanet: yanki tafkin kawai, da zubi biyu, na 3 mai ɗaukar koren haske da na 8 mai ɗaukar hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani. Ruwa yana shanye wannan na biyun, ganye kuwa yana mayar da shi. A cikin QGIS ka cire na 8 daga na 3, ka raba da jimlarsu. Wannan shi ne ma'aunin NDWI, kuma galibi abin da ya haura sifiri ruwa ne. Mayar da shi zane mai iyaka, ka auna faɗinsa. A nan ka kula: a tsarin UTM, wanda ya raba duniya yanki-yanki domin awo da mita, Maradi tana yanki na 32 arewa, Yamai tana na 31. Wanda ya kwafi saitin abokinsa na Yamai ba tare da dubawa ba zai ga awonsa ya ɗan karkace.

Sai abin da zai bambanta ka da mai zaune a ofis. Hau babur ka je Madarumfa cikin kwanakin da aka ɗauki sabon hoto. Gaida mai gari da masunta, ka faɗi abin da ya kawo ka. Zagaya bakin ruwa da wayarka, ka ɗauki lambobin wuri ashirin ko talatin da KoboCollect ko wata manhajar GPS, ka rubuta abin da ke wurin: ruwa, laka, ciyawa bisa ruwa, garka. Da ka dawo ka ɗora su bisa taswirarka za ka ga inda lissafin ya ruɗe, misali inda ganye ya rufe ruwa ya ɗauke shi tudu. Kada ka ɓoye wannan. Rubuta shafi biyu: tambaya, hanya, sakamako, kurakurai, da abin da masunta suka gaya maka wanda hoto bai nuna ba. Malamin da zai karanta ya san hoto yana ruɗi, abin da yake nema shi ne ɗalibin da ya gane haka da ƙafarsa.

In tafki bai ja hankalinka ba, ga gawo. Da yake yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, hoton Fabrairu ko Maris yana fito da shi fili cikin gonaki busassu, sai ka ƙirga kan itatuwa a gona goma ta Google Earth ka je ka ƙirga su a ƙasa. Ga ambaliya: tsohuwar Maradi cikin kwarin Gulbi take har ruwan 1945 ya sa aka hau tudu, kuma wanda ya ga daminar 2024 ya san maganar ba ta mutu ba. Taswirar tudu da kwari ta SRTM tare da shaidar mutanen unguwa za ta nuna inda ruwa ke kwanciya. Ga burtali: kwamitocin kula da filaye, wato COFO, da dokar karkara ta 1993 ta tanada suna buƙatar wanda zai zana hanyoyin dabbobi tun daga Dakoro zuwa kudu, kuma wata uku na aikin sa kai a can yana ba ka shaidar aiki da taswira a lokaci guda. Ga dajin Baban Rafi, ga Gadabeji. Zaɓi ɗaya tak, ka kai shi ƙarshe. Taswira guda kammalalla, mai suna da ma'auni da alamar arewa da bayanin inda aka samo hoto, ta fi takardun halartar taro goma.

In intanet ya samu, ƙara da zana titunan unguwarku a OpenStreetMap. Duk abin da ka zana yana nan da sunanka, kowa zai iya dubawa. Darussan ARSET na hukumar NASA ma kyauta ne.

Mataki na huɗu: Ingilishi

Ba makawa. Erasmus Mundus da yawancin kwasa-kwasan EPOS da Ingilishi ake yi, kuma suna neman IELTS wajen 6.0 zuwa 6.5 ko kwatankwacinsa a TOEFL. Sakamakon shekara biyu yake aiki, don haka kada ka zana da wuri ƙwarai. Jarrabawar tana da tsada, kada ka biya sai gwajin da kake yi a gida ya kai makin da ake so. Wasu makarantu suna karɓar ta Duolingo wadda ta fi araha, wasu ba sa karɓa, sanarwa ce za ta gaya maka. Dabara mafi sauƙi ita ce ka mayar da QGIS ɗinka Ingilishi, ka bi darussansa da Ingilishi, kana koyon abu biyu da kuɗin intanet ɗaya. WASCAL takan yi wa ƴan ƙasashen Faransanci horon harshe kafin karatu, ARES da CRASTE-LF kuwa Faransancinka ya isa.

Mataki na biyar: wasiƙar bayyana dalili

Kuskuren da na fi gani shi ne a mayar da wasiƙar takardar roƙo: mu talakawa ne, ƙasarmu ita ce ta baya, ku taimaka. Na san gaskiya ce ga da yawa, kuma ba abin kunya ba ne. Amma duk masu nema haka suke, kuma bursun karatu jari ne ake zubawa, ana duba inda zai yi tsiro. Bursun da ke tambayar halin gida, irin na gidauniyar Mastercard, yana da wurin wannan bayani dabam.

Fara da abin da ka gani. Misali: a watan Mayu na auna tafkin Madarumfa da Sentinel-2, na je na duba wuri talatin, lissafina ya kuskure a inda ciyawa ta rufe ruwa, kuma ban san yadda ake haɗa hoton radar da wannan don gyara shi ba. Daga nan ka nuna darasin da ke cikin manhajarsu wanda zai koya maka wannan, da sunansa, domin su san ka karanta shafinsu. Sannan ka faɗi inda za ka kai ilimin: ma'aikatar muhalli ta jiha, hukumar taswira ta ƙasa IGNN, AGRHYMET, jami'a, ko ofishin kanka na awon filaye. Shafi ɗaya, in ya yi yawa ɗaya da rabi. Kowace makaranta da tata wasiƙa.

Shawarata, fara rubuta ta da Hausa. Abin da ba ka iya faɗa wa mahaifiyarka da Hausa ta gane ba, kai ma ba ka gama gane shi ba. Bayan nan ka mayar da shi Faransanci ko Ingilishi, wani ya gyara maka nahawu. Wasiƙar da ka kwafo daga intanet ko ka sa na'ura ta rubuta maka tana da santsi, amma babu Madarumfa a cikinta, kuma ranar ganawa za a tambaye ka abin da ba ka rubuta ba.

Mataki na shida: malaman da za su yi maka shaida

Ana neman biyu, wani lokaci uku. Zaɓi wanda ya san aikinka, ko da ba shi ne mafi girman muƙami ba. Zuwa da kai ya fi aike: same shi a ofis wata guda kafin ranar rufewa, ka gaisa yadda ya kamata, sannan ka ce, "Malam, Allah ya ƙara girma, ina neman bursu kaza, ga taswirar da na yi, ga makina, ga ranar rufewa. In Malam ya ga na cancanta, ina roƙon wasiƙar shaida." Bar masa komi a rubuce. Makarantu da yawa suna aika wa malamin saƙo kai tsaye, don haka karɓi adireshin imel ɗin da yake buɗewa, in da hali na jami'a, ka kuma tuna masa cikin ladabi saura mako guda. In sakamako ya fito, ko an samu ko ba a samu ba, koma ka gaya masa.

Mataki na bakwai: lokaci da aikawa

Da sanyin safiya ake kamun fara. Karatun da zai fara Satumba ko Oktoba, shekara guda kafin nan ake nemansa. Da damina ka haɗa takardu da fasfo, ka yi aikin taswira. Da kaka yawancin kwasa-kwasan EPOS ke karɓar dosiye, Erasmus Mundus kuma daga wajen Oktoba zuwa Janairu. Turkiyya takan buɗe daga Janairu zuwa Fabrairu. Guraben da ke bi ta ANAB ga sababbin masu bak bayan fitowar sakamako suke zuwa, kuma wa'adinsu gajere ne. Rubuta ranakun a takarda ka manna a bango. Nemi huɗu ko biyar da suka dace da kai, ka haɗa na kusa da na nesa. Aika saura kwana uku aƙalla, domin wuta da intanet ba su san ranar rufewa ba, kuma agogon makarantar ake bi.

Karanta abin da bursun ya ƙunsa kafin ka yi murna: kuɗin makaranta, tikitin jirgi, inshorar lafiya, alawus na wata. Wani rabi ne, kamar wanda ITC ke bayarwa da kanta, sai ka kawo cikon. Ko cikakke ne, alawus na farko yakan ɗauki makonni, don haka tanadi guzurin wata biyu. Duk wanda ya ce ka tura masa kuɗi ta waya zai saka sunanka, ɓarawo ne, komi kyan hatimin da ke takardarsa. In makaranta tana karɓar kuɗin duba dosiye, a shafinta na ainihi za ka gani.

Ƙanwata, ke kuma ga taki. Sanarwa da yawa suna ƙarfafa mata su nema, Jami'ar Tarayyar Afirka ma ta ɗaga muku iyakar shekaru: 35 ga mace a masta, 30 ga namiji. Abin da ya fi hana ƴan mata tafiya shi ne maganar ta iso gida a makare. Zauna da Baba da Inna, ko da maigida, tun ranar da kika fara haɗa takardu. Nuna musu taswirar, ki nuna musu garin da wurin kwanan ɗalibai, in da hali malaminki ya yi musu bayani. In nesa ta yi musu nauyi, Yamai da Kano da Wagadugu makarantu ne na gaske.

In an kira ka ganawa ta bidiyo, nemi ɗaki mai shiru, caja waya biyu, buɗe taswirarka a gabanka. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ka faɗi yadda za ka nemo shi. In ba a ɗauke ka ba, takardunka suna nan, ka ƙara wa taswirar shekara guda ta hotuna, ka gyara Ingilishi, ka sake aikawa da kaka mai zuwa.

In kuwa Allah ya sa an dace, tsakanin wasiƙar karɓa da ranar tashi akwai wata uku ko huɗu, kuma galibi damina ce. Kada su tafi a bankwana kawai. Kundin masta zai buƙaci bayanan ƙasa, kuma daga Salzburg ko Wuhan ba a leƙo gonar Agiye. Nemi izini a ma'aikatar muhalli ta jiha, ka fita da wayarka ka tara lambobin wuri ɗari biyu ko uku: nan hatsi, nan gyaɗa, nan wake, nan saura, nan gawo, nan fadama, kowane da hotonsa da kwanan watansa. Karɓi lambar manomi biyu ko uku da za ka iya kira in hoto ya nuna maka abin da ba ka gane ba. Adana kwafi ɗaya a imel, ɗaya a jakarka, na uku kuma ka miƙa wa malaminka na sashe domin ɗaliban da ke biye da kai su ɗora a kai.